Yaji a Injin Gahawa

Ku samarin da kuke tsayawa bakin shagona kuna leƙe, na san abin da kuke faɗi in kun ba da baya. Wai aikin Ummaru ai ba aiki ba ne, a kwance noti, a busa, a mayar, a miƙa hannu. Rannan wani ma har ya nuna mini bidiyo a wayarsa, wani Bature cikin farar riga ya kwance injin gahawa ya haɗa tun shayina bai huce ba. Na ce madalla, amma ka tambayar mini shi ko ruwan rijiyar Tambuwal ya taɓa kwana a cikin injin nasa. Kallon kitse kuke yi wa rogo. To ku samu wuri ku zauna, tunda ku ba ku da abin yi, ni ma yau ba a kawo wuta ba.

Ni ba da injin gahawa na fara ba, don lokacin da na shiga sana'a ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Daga Jabo babana ya ɗauko ni ya damƙa wa Sahabi mai injin niƙa a bayan kasuwa, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sifana ba. Aikina ɗebo ruwan da ke sanyaya inji, share garin da ya zube, da shan faɗa. In ya bushi iska sai ya sa in juya wa injin baya, ya ce in gaya masa abin da ake niƙawa da kunne kawai. Gero da kukansa, masara da nata, wake kuwa in ya shiga sai ka ce ana zuba tsakuwa a kwano. In na kuskure ya kama kunnen ya murɗa, ya ce, "Wanga abu ado na anka maƙala maka?" A wurinsa na koyi sassaƙa farantin niƙa in ya dakushe, da guduma da ɗan ƙarfe mai kaifi, layi bayan layi, har yatsu su yi kanta. A wurinsa kuma na gane inji ba ya mantuwa. Duk wadda ta bi bayan mai barkono da geron kununta, yaranta za su sha kunu suna hawaye. Shi ya sa kuke ganin mata na rigima kan layi, ba gaggawa ce ke damunsu ba.

Daga nan abin ya riƙa buɗewa: injin markaɗe, famfon ban ruwa, fanka, dutsen guga, butar lantarki. Sai alhazai suka fara dawowa da 'yan injinan niƙa gahawa cikin tsaraba. 'Ya'yan da ke aiki a waje suka fara aiko wa iyayensu da mai dafawa, wanda ke matso ta baƙa ƙirin cikin ɗan kofi. 'Yan gwanjo su ma suka shigo da nasu. Injinan ba su da yawa a garin nan, na san gidan da kowanne yake, amma in ɗaya ya tsaya ba inda za a kai shi sai Sakkwato, ko kuwa wurin Ummaru.

Na farko da aka kawo mini na wata malamar asibiti ne. Ruwa ya daina fita sai ɗigo. Kun san farin ƙanzon nan da ruwanmu ke bari a gindin buta? To shi ne ya toshe hanyar ruwan, wadda da ƙyar tsinke zai bi ta cikinta. Ita kuwa baiwar Allah da ta ga haka sai ta jiƙa kanwa ta ɗura masa, don ta ga kanwa na nunar da wake, tana kuma fitar da tukunya. Kanwa ta shiga ta ƙara nata a kan na rijiya, ta ci cikin tukunyar injin har ta yi baƙi. Abin da ƙanzon nan ke tsoro tsami ne. Sai na jiƙa tsamiya na tace ta da ƙyalle har ta zama garau, na bi da ita a hankali, na bar ta ta yi aikinta, sannan na yi ta ɗauraya har bakina ya daina jin tsami a ruwan da ke fita. Na ce mata daga yau ruwan leda za ta riƙa zuba masa. Ta ce to. Duk sukan ce to.

Akwai kuma wani matashin malamin sakandare da ya ga ɓata lokaci ne a dafa gahawa daban a haɗa madara daban, sai ya zuba madara da sukari a tankin ruwan. Da aka kawo mini injin, tun daga bakin hanya nake jin warinsa, kiyashi kuwa har sun yi unguwa a ciki. Kayan aikina ba wasu masu yawa ba ne, ga su nan kuna gani: sukundireba, filaya, mita, allura, tsohon burushin haƙori da famfon keke na busa gari. Robar bakin inji in ta tsufa sai an ba direban bas sautu daga Sakkwato ko Kano. Amma duk waɗannan ƙananan ayyuka ne. Aikin da ya fi daɗewa a hannuna na Malam Attahiru ne.

Malam Attahiru tsohon hedimasta ne. Ya koyar a Fakku, ya koyar a Kebbe, da ya yi ritaya ya dawo gidansa nan Tambuwal. In ka shiga sakatariya, da wuya ka ratsa ofis biyu ba ka samu wanda ya sha bulalarsa ba. Ɗansa da ke zaune a Madina ne ya aiko masa da injinan, mai niƙawa da mai dafawa. Kullum da hantsi tsofaffin ma'aikata 'yan'uwansa sukan taru a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ana kurɓa cikin 'yan kofuna ana gyara wa gwamnati zama. Abu biyu Malam ke alfahari da su a wannan majalisa. Na farko gahawarsa, wadda ya ce ko a Makka bai sha irinta ba. Na biyu yajin matarsa Hajiya Ige. Yakan buga ƙirji ya ce tun da ya yi aure bai taɓa cin yajin inji ba, sai wanda ta daka da hannunta.

Wata rana cikin damina sai ga shi da mai niƙawar naɗe cikin tsohon rawani.

"Ummaru, ga ɗan injin ga, shina kuka kamar akuyar da anka ɗaure. Duba mani shi. Amma ka yi a hankali, wanga ba injin Sahabi na ba."

Na kwance murfin na ɗaga haƙoran niƙan. Irin wannan injin haƙora biyu gare shi na ƙarfe, ɗaya na juyawa cikin ɗaya, kuma busasshen abu mai karyewa suke so. Me zan gani? Jan abu ya daskare a tsakaninsu, da maiƙo, wasu zaruruwa sun nannaɗe sandar da ke juyawa, gefe guda har tsatsa ta fara. Kafin in kai hanci atishawa ta riga ni. Kimba, citta, masoro, kanumfari, barkono, can ƙasa kuma daddawa. Zaren citta ne ya shaƙe sandar, daddawa ta liƙe haƙoran, gishiri ya jawo danshi.

"Mi yas same shi?" in ji Malam.

Na dubi injin, na dubi Malam, na ce, "Sanyin damina na, Malam."

Na kankare da allura da burushi, na busa da famfon keke, don ruwa ba ya taɓa haƙoran nan. Ya karɓa ya tafi.

Ita Hajiya Ige taubashiyata ce, 'yar kawuna, tare muka tashi a Jabo. Ko da ta girme ni nesa, tsakaninmu ba kunya sai tsiya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Na dakata sai da na ji Malam ya tafi ta'aziyya Kebbe, na yi sallama na shiga. Tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa.

Na ce, "Hajiya, tun yaushe Larabawa sunka fara sa daddawa ga gahawa?"

"Kai bawan ga, wa yab ba ka izini ka shigo mani gida da tambaya?"

Ta faɗa da ƙarfi, amma idonta na kan ƙofar zaure. Da ta tabbata ba kowa sai ta ajiye faifan. Ta ɗaga hannun dama a hankali, yana kaiwa daidai kafaɗa ya tsaya, fuskarta ta yamutse.

"Ka gani? Nan yaka tsayawa. Tun bara taɓarya ta fi ƙarfina."

"To ki ba yara su daka mana."

"Shina ganewa. Ɗiyan yanzu dakansu duk tsaki na. Ko in kai injin kasuwa in kwaso ragowar kowa da kowa? Mutumin da ka zama bakin ƙofa shina faɗa ma duniya bai taɓa cin yajin inji ba?"

Na ce ai Malam ba mai faɗa ba ne a gida, in ta gaya masa ba abin da zai ce.

"Faɗa nika tsoro? Tausaina za shi ji, Ummaru, shi na ba ni so. Tun da anka kawo ni gidan ga, abu guda na nika yi wanda babu mai yi mai shi sai ni. In yaj ji hannun ya mutu, ya fara cewa zamna ki huta, shi ke nan na zama kaya. Ka rufa mani asiri."

Ban taɓa jin Ige ta roƙe ni komai ba sai ran nan, kuma raina ya sosu. Na ce ta kwantar da hankalinta, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma don kada ta ga na yi laushi da yawa, na ce ba zan fita ba sai an cika mini kwalba. Ta cika, tana cewa dama bawa ba ya aikin Allah. Ta gaya mini ranar Juma'a take niƙawa, in Malam ya tafi masallaci, ta goge da ƙyalle ta mayar inda yake. Ita a ganinta in ido bai gani ba shi ke nan.

To daga nan injin ya zama ɗan gida a shagona. Ba a rufa wata sai ya dawo, ni kuma kullum da sabon dalili. In damina ce in ce danshi, in bazara ce in ce zafi, in duk babu in ce wuta ce ke rawa. Malam ya saurara, ya gyaɗa kai, ya tafi. Sai na fara jin abin da yake faɗi a majalisa. Wai gyaran Ummaru irin albashi ne, ba ya kai ƙarshen wata. Tsofaffin nan da ba su da aiki sai dariya suka ɗauka suka yaɗa, kafin ka ce kwabo na zama Ummaru Albashi. Har 'yan kabu-kabu in za su kwatanta wa baƙo shagona da sunan suke kwatance. Mutum biyu da na saba yi wa gyara suka fara ba da injinansu a kai Sakkwato. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo, don mai sana'a ba shi da gona sai sunansa. Sau da yawa magana takan zo mini har baki, sai in tuna hannun nan da ya tsaya a kafaɗa, in haɗiye.

Ana cikin haka sai ga muguwar shekara. Babbar taransifomar garin ta ƙone aka bar mu cikin duhu wata da watanni, fetur kuma ya yi tsadar da mai janareta sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya ja igiya. Wa ke ta gahawa? Injinan suka koma ado a kan kabad, gizo-gizo na saƙa a tankunansu. Sai in buɗe shago tun safe har la'asar ba wanda ya kawo ko tocila. Na rufe, na ɗauki jakar sifanu na nufi fadamar Kebbe, ina bin masu noman rani ina gyara musu famfon ban ruwa, cikin laka har gwiwa. Mai albasa ya biya da albasa, mai shinkafa ya ce sai an yanke. Na dawo na yi baƙi na rame, har matata ta ce in wanke ƙafa tun daga waje. A duk garin injin gahawa ɗaya ne ke aiki a lokacin, na Malam Attahiru, don ɗansa ya sa masa sola. Ku duba wannan rabo: abokin ciniki ɗaya ya rage mini, kuma shi ne mai ɓata mini suna.

Sai na ce a raina wannan abu ya isa. Tunda ga lokaci ya samu, na ba da sautun sababbin haƙora daga Kano. Da injin ya dawo na warware shi kaf, har ƙaramin notin da ke ƙasa. Na kankare, na goge, na busa, na shanya, na sake gogewa, har sai da na sa hanci ban ji komai ba sai ƙarfe. Sannan na ɗauko wani tsohon ɗan injin gwanjo mai wuƙa da mai shi ya bari a shagona bai waiwaye shi ba, na gyara, na kai wa Hajiya a ɓoye cikin buhu. Ta tura shi cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Yanzu yaji na da injinsa, gahawa na da nata, asiri a rufe, sunana zai dawo. Na koma gida ina yaba wa kaina dabara. Ashe garin neman gira zan rasa ido.

Ba a yi nisa ba sai ga Malam a bayan kabu-kabu, injin a cinyarsa, filas a hannu. Tun bai gama sauka ba ya fara.

"Ummaru, ka kashe mani gahawa!"

Akwai mutane a bencin shago. Ya buɗe filas ya tsiyaya a murfi ya miƙo mini. Na kurɓa. Gahawa ce tsantsa, ɗaci da ƙamshinta, yadda masu injin suka nufa.

Na ce, "Ai hakanan gahawa take, Malam."

"Ta wa? Jiya ga majalisa Alhaji Buhari kurɓa guda yay yi, ya aje kofi ya ce shina da uzuri. Mutumin da sai an kore shi!"

Na ce ko 'ya'yan gahawar ne aka canza. Ya ce buhun nan ne dai. Na ce ko ruwa. Ya ce ruwan nan ne dai. Dalilaina suka ƙare. In na faɗi gaskiya na tona Ige, in na yi shiru na tabbata Albashi a gaban jama'a. Sai Malam ya juya ya dubi na kan benci ya ce, "Ku ba mu wuri." Yawancinsu ɗalibansa ne na da, har da mai furfura, suka miƙe zumbur suka watse.

Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya rage murya.

"Ummaru, ni da ka gane yaron da yas sha taba bayan aji tun bai shigo ƙofa ba, kana tsammani kimba za ta shiga kofina ban sani ba?"

Na ajiye murfin filas ɗin da ke hannuna.

"Tun ranar farko nis sani. Ko hanci bai faɗa mani ba, kunne ya faɗa. Gidan da ka tashi da daka, sai kawai ya yi shiru. Turmi na nan kife bayan ɗaki. Kuma ina ganin yadda taka ɗaura kallabi da hannun hagu."

"To Malam, kas sani, mi yas sa kaka ɓata mani suna ga majalisa?"

"Yo inji na lalacewa kowane wata, ai dole a samu mai laifi. In ban ce kai na ba, wa za ni cewa? Kai taubashinta na, ka saba ɗaukar kayanta." Ya yi dariya har da tari, sannan ya dafa kafaɗata. "Ka yafe mani, na san na cuce ka. Amma in na daina kawo shi gyara, da mi za ta niƙa? In ko na daina yabon dakanta bakin ƙofa, za ta gane na gane."

Ni da nake ganin ni kaɗai ke riƙe da asirin gidan, ashe ɗan aike ne kawai. Kunya ta kama ni, dariya kuma ta ƙi bari in yi fushi.

Ya ce, "Da fari daurewa nika yi in haɗiye. Yanzu kuwa in babu yajin ciki, gahawar ba ta shayuwa, kuma ka ga tsofaffin ga ma sun saba ba su sani ba. Tafi ka amshe wancan injin da kab ba ta."

"Har shi kas sani?"

"Yajinsa bai laushi, shina shiga mani haƙori. Amma Ummaru, kada ka bari ta san na sani. In taj ji daga bakinka, ni da kai na."

Haka na wayi gari da asiri biyu, na mata a kan miji, na miji a kan mata. Masu iya magana sun yi gaskiya, tsakanin miji da mata sai Allah. Na koma wurin Hajiya na ce mai injin gwanjon ya zo neman abinsa. Ta jawo kwalla ta miƙo mini shi ba ko musu.

"Ɗauki tsiyarka. Daman kayan bawa ba su albarka, niƙansa duk tsaki." Sai kuma ta rage murya. "To in na koma ga na Malam, ba za shi gane ba? Ka ga yanzu an wanke shi tas."

Na ce, "Malam bai gane komi, Hajiya, hancinsa ya tsufa."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Hedimasta guda! Allah Sarki, bawan Allah, sai faɗin rai."

Juma'a na zagayowa gahawar majalisa ta farfaɗo, Alhaji Buhari ya daina samun uzuri. Ni kuma na koyi wani gyara da ba wanda ya koya mini, wanke inji rabi da rabi. In cire zaren citta, in kankare tsatsa, in buɗe haƙoran su yi juyi, amma in bar abin da ya maƙale a lungu. In na cire da yawa Malam ya yi ƙorafi, in na bari da yawa inji ya shaƙe. Shekaru muka yi a haka. Wuta ta dawo, aiki ya dawo, sunan Albashi dai bai tafi ba, har takardar gayyatar biki an taɓa rubuto mini da shi. In Malam ya tsokane ni a gaban mutane sai in ce Allah ya ba shi haƙuri, shi kuma ya kanne mini ido ɗaya.

Da Hajiya Ige na raye ba za ku ji wannan labari a bakina ba, kuma ko yanzu sai da Malam ya ce in faɗa. Bayan kaka ta kwanta, ciwon bai daɗe ba, Allah ya karɓi abarsa. Ta tafi tana ganin mijinta bai taɓa sani ba, kuma ni na gode wa Allah da bai sa bakina ya kuɓuce ba. Majalisar gindin darbejiya ta koma ta karɓar gaisuwa, daga baya ta yi shiru.

An jima da yin sadakar arba'in sai ga Malam da ƙafa, shi kaɗai, ya rungumo injin a ƙirji. Ya yi sallama ya zauna, bai ce Albashi ba. Na karɓa na jona. Injin ya yi ƙugi ya tsaya. Tun daga kukan na san kabon ɗin motar ne ya cinye, 'yan gawayin nan biyu da ke kai mata wuta. Ƙaramin aiki ne. Na miƙa hannu na ɗauko burushi yadda na saba, sai na ji ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ka gyara shi shi yi aiki. Amma kada ka share."

Na dube shi.

"Juma'ar ƙarshe da tay yi bisa ƙafarta, ta niƙa. Tun daga ran nan ban taɓa shi ba. Jiya nic ce bari in niƙa kaɗan, sai yaƙ ƙi tashi."

Na ajiye burushin. Motar irin wannan injin a ƙasa take, kuma yadda kowa ke yi shi ne a kifa shi a buɗe gindin. In na kifa, abin da ke tsakanin haƙoran zai zube. Sai na tashi na kashe fanka, na rufe ƙofa ɗaya saboda iska. Na ɗaure bakin injin da leda da roba. Na jera bulo biyu a kan teburi na ɗora shi a tsaye, gindinsa a sarari, na durƙusa ina leƙe daga ƙasa da fitilar waya a baki. Noti ɗaya-ɗaya na riƙa kwancewa ina tara hannu kada ya faɗi ya girgiza teburin. Ba ni da kabon daidai nasa, sai na cire na wata tsohuwar bilenda na fita waje na goge shi da sanfefa har ya shiga ramin. Wuyana ya ƙage, gwiwoyina suka yi tsami. Aikin da nakan gama kafin a idar da sallah ya ci mini tun daga hantsi har azahar.

Da na haɗa, na taɓa makunnin na saki. Motar ta amsa lafiya lau. A ƙa'ida sai na zuba 'ya'yan gahawa na niƙa na ga laushinsu kafin in miƙa wa mai shi. Ban zuba ba.

"Ka gwada?" ya tambaya.

"A'a, Malam. Kai za ka gwadawa."

Ya kwance ledar da kansa, ya ɗaga murfin kaɗan, ya sunkuyar da kai yana shaƙar ƙamshin yajin. Ya daɗe a haka. Sannan ya rufe da sauri ya danne da tafin hannu.

"Da saura," ya ce. Sai kuma ya ɗago. "Ummaru, in ina niƙa kaɗan-kaɗan, ba kullum ba, za shi kai yaushe?"

Na san amsar. Duk niƙa ɗaya da abin da yake tafiya da shi, kuma ba a yi mai gyaran da zai hana ba. Na ce, "Za shi daɗe, Malam."

Ya dube ni irin kallon da ya saba yi wa ɗalibi, ya san abin da na yi sarai. Ya gyaɗa kai.

"Allah shi yi maka albarka."

Na ce bari in tsayar masa da kabu-kabu. Ya ce a'a, hanya da gargada. Ya ɗauki injin da hannu biyu, a tsaye, ya fita yana taka ƙasa a hankali.